Kalma Ɗari Biyar

Takardar ta ce: a cikin kalma ɗari biyar
faɗa mana abin da ya haɗa ka da Kurdawa.
Na zauna a shagon Abakar Guja, bayan kasuwar Kusiri,
inda sai ka biya dala arba'in kwamfuta ke buɗe ido,
janareto na tari, fanka na kwashe zafi daga wannan kusurwa zuwa waccan,
na rubuta layi uku, na goge uku,
lokacina ya ƙare.

Da dare Inna na ƙirga bandar da za ta kai kasuwa,
ta ce, "Su Kurdawan nan, dangin wa ne?"
Na ce, mutanen duwatsu ne, can gabas da nisa,
aka zo da alƙalami aka yanka su gida huɗu,
kowane gida da tutarsa, da sojansa,
da harshen da yake so a gaishe shi da shi.
Ta ajiye kifin.
Ta ce, "To ai mu ke nan.
Ga Dudu can a Njamena, ina hango hayaƙin unguwarsu,
amma ranar da mijinta ya rasu
sai da na nuna kati a gadar Ngeli kafin in kai mata hawayena.
Shi ne za su biya ka kuɗi ka je ka gano a wani wuri?"

Ban ba ta amsa ba.
Da na iya, da na ce:
Inna, kin tuna shekarar da ruwa ya ja baya,
masu taru da masu shanu suka tsaya a kan tafki ɗaya,
aka wayi gari kwalekwalen Baba Mahamat ya zama gawayi,
shi da mai shanun da suka sha shayi tare shekara ashirin
yanzu ko a jana'iza ba sa haɗa sahu?
An ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.
Mu a kan ruwan muke faɗa.
Ina so in ga yadda waɗanda suka riga mu ƙonewa
suke zama da tabonsu,
wa ke fara miƙa hannu, da wane baki,
nawa ake biya, kuma wa ke yafe ragowar.

Wannan bai kai kalma ɗari biyar ba,
kuma ba da Hausa suke so ba.

Suna son wasiƙar malamai biyu.
Dakta Hawa'u Ngomna ta Marwa ta sa hannu a kwana uku,
ɗayan ya ce in dawo bayan salla, bai faɗi wace salla ba.
Suna son fasfo: tunkiyar Inna ta tafi.
Suna son lissafin abin da zan ci a wata,
a garin da ban san kuɗin burodinsa ba.
Gurbi ɗaya ne.
Na san wani na zaune a wani shagon, a wata ƙasa,
shi ma an sayar masa da tunkiya.

Kalma ɗaya na riƙe ta Kurdanci, ashti, zaman lafiya.
Na koya wa Inna.
Yanzu in masu ciniki suka kaure a gaban tirenta
sai ta ɗaga hannu ta ce, "Kai, ashti!"
su yi shiru don ba su gane ba.

Ranar ƙarshe na danna aikawa.
Ƙaramar da'irar nan ta fara juyawa a kan allo,
tana juyawa, tana juyawa,
janareto ya ja numfashi ya mutu.
Abakar ya ce ya tafi. Yaronsa ya ce bai tafi ba.

Na biyo bakin Logon zuwa gida.
Baba Mahamat na zaune yana ɗinkin taru,
tarun da ba shi da jirgin da zai ɗauke shi.
Ya ce, "Tasi'u, sun amsa?"
Na ce, tukuna.
Ya matsa mini, ya miƙo bakin zaren,
ya ce, "To riƙe nan."